Daƙiƙa Goma Sha Ɗaya na Muryar Kawu

Litinin, 4 ga Nuwamba, bayan Azahar

Ƙungiyarmu ta masu amfani da fadama ta tsayar da rana. Ashirin ga wata za a yi ƙuri'a a kan burtali: ko a haƙa hanyar ruwa ta bi ta cikinsa don noman rani, ko a bar wa shanu hanyarsu ta zuwa kogi yadda aka gada. Ba taro za a yi ba. A guruf ɗinmu na waya za a jefa, kowa ya danna daga inda yake.

Ƙanena Haris ne ya kawo shawarar, daga Malesiya inda yake karatu. Wai haka suke yi a ƙungiyar ɗalibai, mai baki da mai kunya duk ƙuri'a ɗaya. Har suna ya ba abin, dimokuraɗiyya a tafin hannu.

Ni ce admin tun bara, don ni malamar makaranta ce, kuma ina jin Fillanci ta wajen Inna, Allah ya ji ƙanta. Mu ɗari biyu da goma sha huɗu ne a ciki. Manoma, masunta, da makiyaya tara. Tara kacal, don sauran ba su da babbar waya.

Mijina, Baban Adila, sai murna yake. Gonarsa ce ta farko da ruwan zai taɓa.

Laraba, 6 ga Nuwamba, lokacin tara

Saƙo ɗari uku da ɗoriya tun asuba. Rabi hoton fure ne da barka da safiya. Sauran Yunusa ne, ma'ajin ƙungiya, yana turo saƙon murya baki cike da goro, ana jin taunarsa. Mutumin da a gaban manya ba ya iya haɗa jimla biyu, a waya ya zama zaki.

Na rubuta cewa a bar makiyaya su faɗi nasu. Wani ya aiko mini da sitikar akuya tana dariya.

Asabar, 9 ga Nuwamba, da yamma

Na je rugar Kawu Shu'ibu, yayan Inna, can gaba da Auyo. Babur har bakin ruwa, sannan kwale-kwale. Shi ne ardon wurin, amma wayarsa ƙarama ce mai tocila, don haka na ce ya yi magana na ɗauka a tawa, na saka wa mutane.

Ya daɗe yana kallon wayar. Ya ce, "Aziza, wa nake kallo?"

Na ce, "Kowa da kowa, Kawu."

Ya ce, "Kowa da kowa ai ba mutum ba ne. Mu a wajenmu magana sai da ido. In na ga fuskar mutum ta sauya, sai na sassauta."

Amma ya yi, da Hausarsa mai karkata. Minti biyu da daƙiƙa arba'in. Ya gai da kowa, har masunta. Ya tuna shekarar da aka toshe wata hanya yana yaro, abin da ya gani da idonsa. Ya ce babansa ya sha faɗa cewa idan aka rufe burtali shanu za su shiga shinkafa, jini zai zuba, kuma shi abin da yake tsoro ke nan, ba ya so ya sake gani kafin ya mutu. Sannan ya yi tayi: su bar wa manoma ɓangaren gabas gaba ɗaya, a bar musu zirin yamma ko da faɗin shanu huɗu ne, kuma duk ɓarnar da aka yi shi zai tsaya a kai da kansa.

Ya ce na riƙe sai jajiberin ƙuri'a, don maganar ta kwana a kunnuwansu. Na dawo da ƙwaryar kindirmo da farin ciki.

Lahadi, 10 ga Nuwamba, bayan Magariba

Na kunna wa Baban Adila muna cin tuwo. Ya ce tsoho ya iya magana. Ya ce na sake kunnawa, na sake.

Soket ɗin ɗakina ya lalace, na bar wayar tana caji a nasa.

Talata, 12 ga Nuwamba, ƙarfe bakwai na safe

Muryar Kawu tana cikin guruf. Ba ni na saka ba.

Daƙiƙa goma sha ɗaya. "Idan aka rufe burtali shanu za su shiga shinkafa, jini zai zuba." Shi ke nan. An datse gaisuwar, an datse babansa, an datse tsoron, an datse tayin. Yunusa ne ya turo, ya ce daga wata baƙuwar lamba ya samu. Ya rubuta a ƙasa: ku ji da kunnenku.

Kafin na gama ɗaura ɗankwali an tura shi guruf ɗin 'yan kasuwa, da na tsofaffin ɗalibai, da na matan unguwa. Wata abokiyar aikina ta turo mini, ta ce, "Malama, kin ji wannan mugun tsoho?" Ba ta san ko wane ne ba.

Talata, bayan La'asar

Saƙon nan a wayata kaɗai yake. Ban tura wa kowa ba.

Laraba, 13 ga Nuwamba, da hantsi

Na ce wa Baban Adila zan saka cikakken. Bai ɗago daga kofin shayi ba.

Ya ce, "In kika saka, tambayar farko ita ce ta yaya ya fita daga wayarki. Me za ki ce?"

Na ce, "Me ya kamata na ce?"

Ya ce, "Ki bari ƙura ta lafa. A wuce ƙuri'a tukuna. Ai magana ce kawai, ba wanda ta kashe." Ya tsoma burodi a shayi, ya tsotsa, ruwan ya gangaro masa a gemu. Shekara goma sha bakwai ina ganin yana haka. Yau ne na fara kawar da kai.

Wani yaro a guruf ya haɗa muryar Kawu da kiɗa, yana kwaikwayon yadda yake furta "shinkafa". Mutum sittin sun danna dariya. Na duba sunayen ɗaya bayan ɗaya. Akwai wanda Kawu ya ba aron bijimai biyu ya yi huɗa shekarar da nasa suka mutu.

Alhamis, 14 ga Nuwamba, da rana

Ban saka ba.

Juma'a, 15 ga Nuwamba, bayan an sauko masallaci

An kori matan ruga daga gindin bishiyar da suke sayar da nono. An ce an kifar da ƙwarya biyu. Akwai bidiyo, ba shakka. Komai yanzu akwai bidiyo. Mai ɗaukar yana cewa "matsa, kana tare mini", nono yana bin ƙasa, kaji suna tsattsaga.

Haris ya kira. Na ce masa ga tafin hannunsa nan ya cika.

Ya ce, "Yaya, wallahi a nan ma ana rikici a guruf. Abokaina 'yan ƙasar ba sa ce maka a'a a gaban jama'a, sai su bi ka ta gefe su lallaɓa ka. 'Yan Sudan kuwa su yi ta ihu kamar za a daku, da yamma ka gan su suna shan shayi tare. Kowa da irin nasa."

Na ce, "To ku me ya hana ku cinye juna?"

Ya ce, "Gobe a kicin ɗaya za mu haɗu. Kuma muna da doka, ba a turo maganar mutum sai yana ciki zai iya amsawa."

Na ce, "Ka manta ka aiko mana da wannan ɓangaren."

Ya tambaye ni ko na san wanda ya yanka. Na ce layin yana katsewa.

Asabar, 16 ga Nuwamba, da safe

Yau ma ban saka ba. Na wanke kaya. Na goge wa Baban Adila kaftani biyu.

Lahadi, 17 ga Nuwamba, ƙarfe goma sha ɗaya

An sassare saniya a bakin burtali. Ba a yanka ta ba, ba don nama ba ne. An datse mata jijiyoyin ƙafafun baya aka bar ta tana jan ciki. Ba a san ko su wane ne ba, ko kuma kowa ya sani, ban sani ba.

Hoton ya shigo ina tsakiyar tankaɗe. Idonta a buɗe, ƙudaje sun riga sun taru. A ƙarƙashinsa wani ya rubuta, jinin ya fara zuba ke nan. Da sitika.

Na yi amai a bakin rariya. Adila ta kawo mini ruwa, ta ce ko zazzaɓi ne. Na ce e.

Kawu bai kira ni ba. Da ya kira ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ba zai kira ba. Su ba sa tambayar mutum abin da zai ba shi kunya.

Litinin, 18 ga Nuwamba, bayan an tashi makaranta

An zo da motar 'yan sanda an tafi da Kawu, wai ya yi barazana. Mutum mai shekara saba'in da wani abu. An ce da zai hau sai da ya cire takalminsa ya riƙe a hannu, kada ya ɓata musu mota.

Yau na koyar da 'yan aji biyar darasin gaskiya da riƙon amana. Yana cikin manhaja. Na rubuta a allo da kyakkyawan rubutuna, suka kwafa.

Talata, 19 ga Nuwamba, ƙarfe shida na safe

Jajiberi. Ranar da Kawu ya ce. Na saka, duka minti biyu da daƙiƙa arba'in, na rubuta cewa ni na ɗauka da hannuna ranar tara ga wata, kuma wancan yankakke ne.

Mako guda cur. Da na yi wannan ranar Talatar da ta wuce, da saniyar nan tana tsaye.

Talata, bayan Azahar

Mutum ashirin da uku suka saurara. Waya tana nunawa. Ashirin da uku cikin ɗari biyu da goma sha huɗu. Wani ya rubuta, ya yi tsawo, a taƙaita mana. Yunusa ya ce da kwamfuta aka haɗa, yanzu ana iya sa mutum ya faɗi komai. Wani ya ce dama jini ba ya ƙarya, uwarta Bafillatana ce.

Ƙarfe ɗaya da kwata saƙon ya ɓace. An rubuta, admin ya goge.

Admin biyu ne a guruf ɗin nan. Na biyun a gidan nan yake kwana, ni na naɗa shi da hannuna lokacin jarrabawa, don ya rage mini aiki.

Laraba, 20 ga Nuwamba, da Magariba

Ɗari da sittin da ɗaya, a haƙa. Goma sha biyu, a bari.

Ana ta tura hoton tafi. Haris ya turo mini kalma ɗaya: yafe.

An sako Kawu. An ce wani malami ne ya kai musu cikakken saƙon, cikin ashirin da ukun nan.

A gidan nan an sayo tsire. Ban ci ba. Warin ƙuli-ƙulin ya bi ni har ɗaki.

Juma'a, 22 ga Nuwamba, ƙarfe sha biyu

Baba Zarami ya zo ƙofar makaranta. Shi ne babban masunta na wannan yanki, Bamange, wato ɗan ƙabilar Manga, ba ya cikin guruf, bai taɓa riƙe babbar waya ba. Ya tsaya da warin kifinsa da sandarsa, ya ƙi zama.

Ya ce, "Malama, an ce an yi ƙuri'a."

Na ce, "An yi, Baba."

Ya ce, "A ina? Ni ban ga kowa ya taru ba." Ya tofar da yawu gefe. "Mu abin da muka tarar, maganar ruwa ba a yanke ta sai duk mai shan ruwan yana zaune. Ardo yana tsare aka yanke masa hukunci. Ni kwale-kwalena ba zai ɗauki injin haƙa ba, haka ma na yarana duka. Jibi bayan La'asar a haɗu a bakin gulbi. Na gaya wa dagaci, ya yarda. Ki zo da abin naki, a ji shi tun daga bisimilla."

Na ce, "Za su tambayi wanda ya yanka."

Ya ce, "Za su tambaya." Ya dube ni har na sunkuyar da kai. Ya tafi.

Asabar, 23 ga Nuwamba, bayan La'asar

Baban Adila ya shigo ɗakina, abin da ya kwana biyu bai yi ba. Ya zauna a bakin gado.

Ya ce, "Shekara uku ruwa yana cinye mini shinkafar damina. Kin sani. Noman ranin nan ne kaɗai ya rage. Tsohon nan da bakinsa mai daɗi zai juya su duka, ke ma kin ji."

Na ce, "Na ji."

Ya ce, "Ban ce a taɓa saniya ba. Ban ce a kama shi ba. Ni ban ƙara kalma ɗaya a maganarsa ba."

Wannan ne ya fi ci mini rai. Ya yarda da abin da yake faɗa. Ya wanke kansa tas, har yana jiran na ce sannu.

Ya ce, "In kika je gobe, kin zaɓa ke nan."

Na ce, "Ka tashi mini daga kan zanin makaranta, na goge shi."

Lahadi, 24 ga Nuwamba, bayan Magariba

Na je.

An fi mutum ɗari. Baba Zarami ya sa aka zagaya da kwando, kowa ya jefa wayarsa, aka ajiye a cikin kwale-kwale aka tura shi ɗan nesa da gaɓa. Ka ga manyan mutane suna laluben aljihu kamar an cire musu haƙori. Yunusa ya ce shi yana jiran kira. Baba ya ce kifi zai amsa masa.

Kawu yana zaune a kan buzunsa. Ya rame. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar jiya muka rabu, ya tambayi Adila.

Wayata kaɗai aka bari, aka sa ta a cikin kwanon sha don ta yi ƙara. Na kunna. Mutane suka saurari minti biyu da daƙiƙa arba'in, mai maganar yana zaune a gabansu yana kallon ƙasa. Da aka zo wurin jini ba wanda ya motsa. Da aka zo inda ya ce ba ya so ya sake gani kafin ya mutu, wani dattijo ya ce innalillahi. Mai aron bijimai ya ja hularsa ya rufe ido.

Yunusa ne ya fara farfaɗowa. Ya ce, "To ni turo mini aka yi. Malama ta faɗa mana wanda ya yanka, tunda a wayarta yake."

Kawu ya ɗago, ya ce da Fillanci, a hankali, "Bari, 'yar ƙanwata. Ba sai kin faɗa ba."

Baban Adila yana layi na biyu, cikin kaftanin da na goge. Ban dube shi ba.

Na ce, "Wayata ba ta taɓa kwana a wani gida ba sai gidana."

Ana jin ruwa yana dukan kwale-kwale. Can ya miƙe, ya nemi takalminsa, ya bi ta bayan mutane ya fita. Ba wanda ya juya, kuma kowa ya gani.

Aka ɗaga hannu. An bar wa shanu zirin yamma, hanyar ruwa za ta zagaya ta gabas, daidai abin da tsohon ya roƙa tun ranar tara ga wata. Waɗanda suka danna a haƙa ranar Laraba su ne suka fi ɗaga hannu sama. Har da Yunusa, hannu biyu.

Sai aka jawo kwale-kwale, aka yi wawar kwando.

Litinin, 25 ga Nuwamba, lokacin tara

Guruf ya sami sabon nama. Macen da ta tona wa mijinta asiri a bainar jama'a, ta kyauta ko ba ta kyauta ba? Wani ya buɗe ƙuri'a a kai. Wallahi. Mutum tamanin sun riga sun danna.

Ba wanda ya ambaci saniyar. Ba wanda ya ce a je a ba matan nono haƙuri.

Na fita daga guruf ɗin. Ban duba sakamakon ba.

Talata, 26 ga Nuwamba, da yamma

Baban Adila ba ya cin abincina. Ina zubawa, ina rufewa, ina ɗaukewa.

Alhamis, 28 ga Nuwamba, da Azahar

Aka aiko mini tun da sassafe cewa Kawu yana tashi. Na nemi izini a makaranta na hau babur.

Na tarar an kwance bukkoki, an ɗaure tabarmi da ƙore a kan jakuna. Wurin da suka yi shekara talatin suna sauka, saura da'irorin toka.

Na ce, "Kawu, ai an bar muku hanyar."

Ya ce, "An bari, Allah ya saka. Waɗanda za su zo bayanmu sa bi." Ya gyara sandarsa a kafaɗa. "Ni dai na ji yadda ake dariyar muryata, Aziza. Jikana ya kunna mini a wayar wani. Ba zan iya gaisawa da mutum ina tunanin ko yana cikin masu dariyar ba. Tsufa ya hana ni."

Na ce ya yafe mini makon nan da na yi shiru. Ya ce wane mako. Ya san wane mako.

Sannan ya kai ni cikin garke, ya nuna mini wasu shanu uku, jar saniya da karsana biyu. Ya ce na Inna ne, zuriyar saniyar da aka ba ta ranar sunanta, tun da ta rasu yake kiwon su da sunana, yana jiran ranar da zan buƙata. Ban taɓa sani ba.

Ya ce, "Yanzu zan yi nisa, wajen Yobe. In bar miki su a wajen wani a nan, ko in kai miki gida?"

Jar ta miƙo hanci tana shinshinar hannuna. Na duba gari ta can ƙetaren ruwa, dogayen ƙarafunan sabis suna tsaye a kansa.

Na ce, "Tafi da su, Kawu. Ban san wanda zan ba amanar dabba a nan ba."

Ya gyaɗa kai. Bai ce na yi gaskiya ba, bai ce na yi kuskure ba. Ya yi wa garken kira, suka bi shi. Na tsaya har na daina gane tawa a cikin sauran, sannan na koma na koyar da darasi na shida.